Ƙwan Mesa a Gidan Mahauci

Sokode, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Rahinatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da goggonki Zalia da duk mutanen gidanta. Mu nan lafiya lau.

Uwata, kada ki yi mamakin ganin takarda. Hannuna da wuƙa ya saba, ba da biro ba, dole ce ta sa. Jiya da la'asar an yi iska da ruwa a Sokode irin wanda ban taɓa gani ba. Rufin rumfunan kasuwa ya tashi, mangwaron bakin masallaci ya faɗa kan wayoyin kuran, wato lantarki, sandunan wuta suka zube a jere. Masu gyara sun zo sun girgiza kai, sun ce babban injin unguwa ya ƙone, sai an kawo wani daga Lome. Wayata ta mutu, ta mamanki ta mutu, ƙarfen rezo ma, wanda waya ke kamawa da shi, an ce ya karye. Shi ya sa na ba Djibril direba wannan takarda ya kai miki.

Maganar mesarki ce, Curi. Kin tuna ranar da kika shigo da ita gidan nan da ƙunar wutar daji a cikinta, na ce ko ni ko ita. Kika yi ta magiya har na bar miki ɗakin baya. Da ta yi ƙwai ta kasa kwanciya a kansu saboda ciwon, kika mayar da tsohon firijina akwatin ƙyanƙyasa. Da za ki tafi koyon allurar dabbobi kika ce aikina ɗaya ne, in tsaya daga bakin ƙofa in ga jar fitila tana ci.

To, fitila ta mutu!

Ma'aunin zafin nan mai batir yana aiki, kuma lambarsa sauka take yi. Da safe ashirin da bakwai na gani, yanzu ashirin da biyar. Ruwa bai ɗauke ba, gari ya yi sanyi kamar cikin randa. Ita kuma Curin taki ta dunƙule a lungu. Na ƙwanƙwasa akwatinta da doguwar sanda, ko motsi ba ta yi ba.

Ba son abar nan nake yi ba, kin sani. Amma amana kika bar mini. Ki rubuto maza, Djibril zai juyo da asuba.

Mamanki tana gaishe ki.

Babanki,
Salifu


Dapaong, daren Talata

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Mma. Allah ya tsare gaba, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Baba, a tsaye nake rubutu. Ƙwan nan sun kusa fashewa, saura kaɗan! Don Allah ka yi abin da zan faɗa tun kafin ka cire takalmi.

Ka ɗauko gilasiyar, babban akwatin nan da Mma ke zuba ƙanƙara ranar suna. Yadda yake riƙe sanyi haka yake riƙe zafi. A ɗumama ruwa, ba tafasasshe ba, wanda hannu zai iya jurewa. A cika kwalabe, a toshe su da kyau, a naɗe kowace da tsumma, a jera a gefe guda. Sai ka ɗauko kwanon ƙwan gaba ɗayansa ka sa a ɗaya gefen, kada kwalba ta taɓa shi. Ka sa ma'aunin a tsakiya.

Baba, kada a juya ƙwai ko ɗaya. Ba irin na kaza ba ne. Na sa wa kowane alama da fensir, alamar nan ta riƙa kallon sama. Idan aka kifa shi, ɗan da ke ciki zai mutu. Lamba kuma ta tsaya tsakanin talatin da talatin da biyu. Zafi ya fi sanyi saurin kashe su. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗakin, hayaƙi zai gama da su duka.

Curi kuwa kada a ba ta komai ta ci, cikinta ba ya narkar da abinci da sanyi. A sa mata kwalba ɗaya a jikin akwati. Ba ta da dafi, Baba, wallahi ba ta da shi. Tsoro ne ke sa ta dunƙule kamar curin fura. Ba ta gama warkewa ba, sanyi zai iya kama ƙirjinta. Idan kwalba ba ta yi ba, ɗumin jikin mutum ya fi komai dacewa da ita, amma wannan ni zan zo in yi da kaina.

Gobe da jibi muna Gando, shanu ne da yawa. Ranar Juma'a zan hau motar farko. Shef ɗinmu, shugaban aikin, ya ce duk wanda ya tafi kafin a gama zagayen allura sai ya maimaita shekara. Na ji, na yarda. Ba zan bar maka wannan wahala ba.

Goggo Zalia tana gaisuwa, ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana tsalle in ka ga ƙadangare.

'Yarka mai biyayya,
Rahinatou


Sokode, ranar Alhamis

Uwata Rahinatou,

Assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, don maganar da ke bakina ta fi ta zafi.

Ba za ki zo ba. Ban yarda ba, ban amince ba. Na gaya wa Djibril kada ya ɗauke ki, shi kuma ya gaya wa duk direbobin tasha. Shekara guda za ki zubar saboda ruwan zafi da kwalba? Babu wanda ban faɗa wa ba a kwata, har Garuba Sarkin Fawa, cewa wata rana 'yata ce za ta zo da farar riga ta duba namansu ta buga hatimi. Ki tsaya ki gama aikinki. Ki kuma ce wa Zalia ta ji da kanta.

Yanzu ki ji labari. Na fara zuwa wajen Rachid mai walda in ari injin wutarsa, ashe ruwa ya shige shi, muka ja igiya har kafaɗata ta ƙage, ko tari bai yi ba. Na dawo muka kama aikin kwalabe. Mamanki a madafa, ni a ɗakin baya. Ni, Salifu, na ɗauki kwanon nan da hannuna biyu, ina tafiya kamar mai ɗauke da madarar da ta cika baki. Karon farko mun yi zaƙewa, lamba ta haura talatin da biyar. Na cire murfi na yi ta fifita da hulata ina salati har ta sauko. Yanzu mun gane kanta. Da na ga ta fara sunkuyowa sai in yi kira, mamanki ta kawo sabuwar kwalba.

Uwata, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ƙwan nan laushi gare su ba? Kamar fatar da aka jeme! Guda shida, sun manne da juna. Na haska ɗaya da tocila don in ga alamarki, sai ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki kamar saiwar gero. Ina cikin kallo wani abu ya juya. Ya juya, Rahinatou! Na ƙwala wa mamanki kira har ta bar ruwa yana zuba. Mun daɗe a tsugune muna kallo, mu biyu, kamar yara.

Ɗaya dai ban ji daɗinsa ba. Ya yi launin ƙasa-ƙasa, na haska ban ga komai ba.

Curi kuma an yi mata dabara, tana nan lafiya. Kada ki damu da wannan.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Salifu


Sokode, ranar Lahadi

Rahinatou 'yata,

Sallama da gaisuwa. Yaya aiki, yaya rana, yaya goggonki? An ce kin rame, ki riƙa cin abinci kafin ku fita daji.

Na san babanki ya rubuto miki wai an yi wa Curi dabara. To, zauna ki ji dabarar.

Kwalba ba ta yi mata komai ba. Ranar Laraba da yamma ya ji numfashinta yana ɗan fito, ya zo ya tsaya mini a ka, ya ce, “Hamida, ba ni rigar matashin kai da zanenki na goyo.” Na ce goyon wa? Ya karɓe su kawai. Ya shiga ɗakin ya rufe ƙofa. Na ji yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta hawa mota. Can sai ga shi ya fito, zufa ta jiƙa shi, cikinsa ya yi tudu a ƙarƙashin riga. Ya sa ta a rigar matashi, ya ɗaure ta a cikinsa da zanena! Mutumin da bai taɓa goya ɗansa ba.

Tun daga nan ba ya sauke ta sai zai yi salla ko wanka. Kuma ta farfaɗo, fiton ya ragu. Da ya ajiye ta sai ya ce ta yi sanyi, ya mayar.

Jiya Asabar ya ce zai fita kasuwa, saniya tana jiransa. Na ce to bar ta. Ya ce ni ina fama da kwalabe, wa zai kula da ita? Ya zura babbar riga a kai ya tafi.

Sauran labarin a bakin mutane na ji, don kafin ya dawo gida ya riga ya zaga Zongo. Rana ta ɗan leƙo, ga ɗumin jikinsa, ga na aiki. Curi ta ji daɗi ta warware, ta sami inda ɗaurin ya saki. Husseina mai waace, wato shinkafa da wake, 'yar Kotokolin nan da ke sayen nama wajensa kullum, tana tsaye yana auna mata, sai ta ce, “Salifu, riganka yana motsi.” Ya ce iska ce. Bai rufe baki ba sai ga kai ya fito ta wuyan riga, daidai gemunsa, ana wasa da harshe.

Husseina ta watsar da kwano ta zuba ihu. Masu tumatir suka bi ta kan tumatir. Wani ɗan zem, mai acaba, ya bar babur ɗinsa yana ci ya haye teburin mai gishiri. Babanki kuwa ya dafe wuya yana cewa, “Ku yi a hankali, za ku tsorata ta!”

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Amma 'yata, dariyar ba ta kai yamma ba. Ba wanda ya ƙara sayen ko tsoka ɗaya, ga babu firiji, rabin saniya sai kyafewa muka yi. Yanzu magana ta canza. Wai dama asirinsa ke nan, wai maciji ke jawo masa ciniki shekara da shekaru, wai da naman mutane yake ciyar da shi. Yau a rijiya mata biyu suka ɗauke bokitinsu da na iso. Garuba ya aiko, ya ce mahauta za su zo gida su ji daga bakinsa. Abokinsa ne tun suna yara, amma an matsa masa.

Babanki kuwa ya shige ciki abinsa. Yana ɗakin baya yanzu haka, ina jin yana yi mata magana.

Ki yi mana addu'a.

Mamanki,
Hamida


Dapaong, ranar Litinin

Babana,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ka.

Mma ta rubuto mini komai. Na karanta a bayan motar aiki a hanyar Bombouaka, na yi dariya har abokan aikina suka zaci aljanu ne, daga baya kuma kuka ya ƙwace mini. Baba, kai da ko hotonta ba ka kallo! Ban san da bakin da zan gode maka ba.

Amma ba zan yarda sunanka ya ɓaci saboda ni ba. Shekarun da ka yi kana tashi da asuba, ba ka taɓa tauye mudu ba, ba ka taɓa sayar da mushe ba, a ce maciji ne ya yi maka? Akwai malaminmu a Kara da ke kiwon irinta. Ka ba Djibril ita a cikin kwali mai huji, da ƙwan duka, ya sauke masa a hanya. Ƙila ƙwan ba za su jure girgizar mota ba. Na sani. Na haƙura. Idan su Baba Garuba sun zo ka ce musu kayan karatun 'yarka ne, kuma an riga an fitar.

Idan kuwa ba a samu tafiya da wuri ba, ga abin da za ka gani, kada ya tayar maka da hankali. Ƙwan za su lotsa kamar sun lalace. Ba lalacewa ba ce, lokaci ne ya yi. Kada ka yanka, kada ka taimaka, su za su tsaga da kansu. Wanda ya yi launin ƙasa kuwa, tun kafin in taho nake shakkarsa. Ba laifinka ba ne.

Ban hau mota ba, kamar yadda ka ce. Jiya ni kaɗai na kayar da wani bijimi na yi masa allura, makiyayin ya ce lalle 'yar mahauci ce.

Ka yafe mini wahalar da na jawo.

'Yarka,
Rahinatou


Sokode, ranar Laraba

Uwata!

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, bar gaisuwa tukuna. Sun fito! Sun fito, Rahinatou!

Bari in bi da ke daki-daki. Takardarki ta zo, na karanta, na ninke. Babu inda Curi za ta je. Ni ban goya abu a cikina kwana da kwanaki don in sa shi a kwali ba.

Yau da hantsi suka zo. Garuba a gaba, mahauta biyar a baya, da Malam Muhyiddeen limaminmu, don a yi a gabansa. Mata da yara sun cika ƙofar gida. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Garuba ya yi gyaran murya ya ce, “Salifu, ni na san ka. Amma mutane suna magana, kuma magana in ta taɓa mahauci ɗaya ta taɓa kwata duka. Me kake ajiye a ɗakin baya?”

Na buɗe baki ke nan sai mamanki ta ƙwalo mini kira daga ciki, “Malam! Malam, ɗaya ya tsage!”

Wallahi na manta da su. Na tashi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Da na waiga sai na ga sun miƙe suna kallon juna. Na ce, “Ba asiri kuka zo gani ba? To ku shigo, ga shi nan yana fashewa!”

Liman ne ya fara shigowa, sauran suka biyo shi don kunya. Na ɗaga murfi. Ƙwai ɗaya ya tsage ta sama kamar an ja reza, kumfa tana fitowa. Muka matso kusa. Sai ga ɗan hanci. Sai ga kai, bai kai babban yatsana ba, baƙi da ruwan zinariya, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Ya fito da harshe ya ɗanɗana iska, ya dube mu, ya koma ciki.

Garuba ya ce, “Kai! Ya ga fuskarka ya fasa.”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Liman ya ce, “Tsarki ya tabbata ga mai fitar da rayayye,” ya tsuguna har rawaninsa na taɓa akwati. Ana haka na biyu ya tsage. Lamba ta fara sauka saboda murfi a buɗe, na ce a ba ni kwalba, sai ga Sarkin Fawa da kansa ya ruga madafa ya dawo da ita a naɗe cikin hularsa yana cewa, “Ta yi zafi? Taɓa ka ji!”

Na ba su labari tun daga wutar daji har ɗaukewar kuran. Na kwance Curi na nuna musu tabon cikinta. Liman ya fita zaure ya yi wa jama'a magana, ya ce ya gani da idonsa, dabba ce marar lafiya da amanar yarinya, kuma wanda ya ci gaba da yaɗa abin da bai gani ba ya shirya amsa a gaban Allah. Garuba ya ce gobe tare za mu tsaya a teburina. Sharaɗinsa ɗaya, in zo ni kaɗai a cikin rigata.

Ba kowa ya yarda ba. Biyu daga cikin mahautan sun fita ba sallama, Husseina kuma ta aiko cewa ita da namana sai bayan damina. Ba komai. Za ta dawo, babu mai yanka mata ƙirji kamar ni.

Zuwa yanzu kawuna biyar ne a waje, kowane yana leƙe daga ƙwansa kamar mai jiran ruwa ya ɗauke. Na shidan na binne shi a gindin lemo. Na ji abin fiye da yadda na zata.

Ki rubuto, me jariran ke ci?

Babanki,
Salifu


Dapaong, ranar Alhamis

Baba,

Wa alaikumus salam! Na karanta wa duk gidan Goggo takardarka a tsakar gida, ta sa na maimaita wajen hular Baba Garuba har sau uku.

Ba sa cin komai sai sun yi saɓar fari, kafin nan na iso. Ruwa kawai a murfin kwalba. Idan sun gama fitowa ka mayar da su roba mai tsafta, ka danne murfin da dutse, don ƙarfinsu ya fi girmansu.

Mun gama zagaye yau. Shef ya sa hannu a takardata, na ci, Baba! Ranar Asabar ina tafe, da zabi biyu daga Goggo. Ka ce wa Djibril ya janye dokarsa.

Allah ya ƙara girma.

Rahinatou


Sokode, ranar Juma'a

Uwata likita,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Na shiga kwata da labarinki tun kafin a kayar da saniyar farko. Allah ya kawo ki lafiya.

Kuran ya dawo jiya da yamma. Duka biyar sun fito, kyawawa, na mayar da su roba.

Maganar dutse ce ta iso a makare. Da safen nan na ƙirga, huɗu ne.

Ina nema. Mamanki ba ta sani ba tukuna. Idan kin iso ki yi sallama kamar kullum, ki ci abinci, kada ki nuna komai a fuska. Amma ki duba tabarma kafin ki zauna.

Babanki,
Salifu